Hular Gwarzon Mako

Asabar, da yamma

Yau Baba ya dawo gida da hula. Hular kwano ce irin wadda ma'aikatansa suke sawa in za su hau bishiya, sai dai an shafe ta da fenti ruwan gwal, fentin ma bai gama bushewa ba. Duk sito ya ɗauki warinsa. Ni ina tsugune a bakin famfo ina wanke igiyoyi, don tunda na gama firamare wannan ne aikina: igiya, safar hannu, ɗamarar hawa. Siton a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce tsakani, duk abin da aka faɗa a can ina ji ko ban so ba.

Aikin Baba gyaran bishiyoyi ne. A rage rassan da suka hau rufi ko wayar wuta, a sare wadda ta mutu kafin ta faɗo wa mutane. A watan jiya mutum biyu suka bar shi, suka koma wajen Mai Jar Mota da yake irin aikinmu a can ɗaya gefen gari. Tun daga nan Baba ba ya cin abincin kirki. Sai wani mutum mai kwat da jaka ya fara zuwa, wai yana koya wa masu sana'a yadda ake riƙe ma'aikata. Mai Turare nake ce masa a raina. In ya tafi sai na buɗe taga. Shi ya kawo shawarar hular.

Baba ya tara kowa ya ce, "Daga yau, wanda ya fi kowa sauke bishiya a mako shi ne Gwarzon Mako. Zai sa hular nan har mako ya zagayo, a ɗauke shi hoto a manna a bango, kuma ya tafi gida da kaza."

Mai Turare ya yi tafi. Shi kaɗai.

Masu hawa biyu ne suka rage mana, Yayana da Dogo. Gajere shi ne mai riƙe wa Yaya igiya tun ina 'yar ƙarama. Ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ya ce, "Maigida, mu na ƙasa fa? Ko ƙafar kazar za a ba mu?"

Dogo ya ce, "Kai ko an ba ka hular ai har gwiwa za ta rufe ka."

Aka yi dariya. Baba ma ya yi. Amma bai amsa tambayar ba.

Lahadi, da hantsi

Ina so in rubuta yadda suke yi, don ina son abin. Kafin Yaya ya yanke babban reshe sai ya ɗaure shi da igiya, igiyar ta bi ta kan wani reshe ta sauko wajen Gajere. Sai Yaya ya yi kira daga sama, "Ƙasa?" Ba zai taɓa injin zarto ba sai Gajere ya kori yara, ya naɗa igiyar a jikin kututture, ya gyara tsayuwa, ya amsa, "Saki!" Wani lokaci Gajere yakan daɗe bai amsa ba. Yaya yana nan rataye yana jira.

Har a gida muna yi da Yaya. In zai jefo mini kayan wankinsa daga saman bene sai ya ce, "Ƙasa?" Ni kuma in ce, "Saki!" Da shi kaɗai nake iya ɗaga murya.

Asabar, bayan la'asar

Dogo ya ci. An ɗauke shi hoto yana washe baki, kaza a hammata.

Kafin a sa masa hular Baba ya ce in goge ta. Na goge. Yanzu ba ta da warin komai sai fenti.

Talata, da rana

Yaya da Dogo sun daina cin abinci a kwano ɗaya. A da kowa hannu yake zubawa a ciki. Yau Yaya ya ɗebi nasa ya koma bayan mota.

Dogo ya manta hular a kan benci, Baba ya ce in ɗauke kafin ta yi ƙura. Kwana uku kawai a kansa. Soson da ke ciki ya jiƙe sharkaf, ya yi baƙi, ga gashi ya manne, ga dusar katako ta cakuɗe da man kai. Na riƙe ta da yatsa biyu. Daga waje sai ƙyalli.

Gajere ya gan ni ya ce, "Malama Shiru, sarauta kika ɗauko haka kina yamutsa fuska?" Haka yake ce mini, don ba na magana. Na sunkuyar da kai. Ya ba ni alewa ɗaya daga aljihunsa, duk ta narke.

Da za su koma aiki na ji Yaya yana ce masa, "Kai ma ka riƙa hanzari mana. Kafin ka ce saki, Dogo ya sauke reshe biyu."

Gajere ya ce, "To ɗan Maigida, ni da igiya muke shawara, ba da kaza ba."

Yaya bai yi dariya ba. Ban taɓa ganin bai yi wa Gajere dariya ba.

Laraba, da la'asar

Sun dawo da wuri. Babu Gajere a motar.

Laraba, bayan magariba

Direban Baba ya sauke kaya bai gaishe da Mama ba. Ya tura mini igiyar Yaya da ƙafa ya ce, "Wannan ki wanke ta ita kaɗai."

Na san ƙaron bishiya. Na san yadda yake kama igiya, na san warinsa. Abin da ke jikin wannan ba ƙaro ba ne. Na zubar da ruwan baho na sake, na zubar na sake. Safar hannun Gajere ɗaya ce ta dawo, ta hagu. Ban tambayi ɗayar ba.

Na yi amai a bayan famfo. Ba wanda ya gani.

Yaya yana ɗakinsa. Bai jefo kayan wanki ba.

Alhamis, da safe

Igiyar ta bushe. Tabon bai fita ba.

Juma'a, da yamma

Baba ya je asibitin da aka kai Gajere ranar Laraba, ya biya kuɗi a wajen masu karɓar kati, ya dawo. Mama ta ce, "Malam, ka shiga ka gan shi kuwa?" Ya ce likitoci sun hana taruwa. Mama ta dube shi, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Yau Baba ya tara ma'aikata ya ce kar wanda ya ƙara ta da maganar Laraba, a sito ko a waje, tsautsayi ne. Dogo ya ce a hankali, yana kallon takalminsa, "Ni dai ina ɗaya bishiyar, ban ji an yi kiran 'Ƙasa?' ba."

Baba ya ce, "Me ka ce?"

"Ban ce komai ba, Maigida."

Mai Turare ya zo daga baya. Na kai musu shayi. Ina ajiye tire na ji yana cewa, "Irin wannan lokacin ne ba a tsayawa. In ka dakatar da kyautar, jikinsu zai yi sanyi. Ka nuna musu tafiya na nan." Ya kurɓi shayi da ƙara. Yana da wani farin abu a gefen baki da yake miƙewa in yana magana. Na kasa daina kallo.

Asabar, bayan la'asar

Ban yi zaton za a yi ba. An yi.

Baba ya ce in goge hular. Na goge waje, cikin kuwa na kasa. Aka jera benci. Baba ya ce a wannan makon wanda ya fi sauke bishiya, duk da an tashi da wuri ranar Laraba, shi ne ɗansa. Ya ce "ɗana" da ƙarfi. Ya ɗora wa Yaya hular da hannunsa.

Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Mai Turare ya ce, "Murmushi mana, gwarzo!" ya ɗauki hoto. Aka miƙo kaza, Yaya bai karɓa ba, ta faɗi ƙasa da ƙafafu a ɗaure tana ta kaɗa fukafukai a cikin dusar katako. Babu wanda ya yi tafi, har Mai Turaren.

Tsoho mai wasa zarto ya tashi ya tofar da yawu a bakin ƙofa, ya dawo ya zauna.

Ni na kwance kazar.

Lahadi, da rana

Mama ta ce a yanka ta. Yaya ya ce in aka dafa ta ba zai ƙara cin komai daga tukunyar ba. Baba ya ce ai ta gwarzo ce, ba mai taɓawa sai shi. To ga ta nan tana yawo a tsakar gida, tana kashi a kan tabarma, a kan takalma, a bakin baho na. Ni ke kwashewa.

Litinin, da hantsi

Yaya bai hau ba. Ya je wajen aiki, ya sa ɗamara, ya tsaya a gindin bishiya, ya cire. Direba ne ya gaya wa Mama. An ba shi sabon mai riƙe igiya, wani da Baba ya samo jiya, bai ma san yadda ake amsawa ba. Wai da Yaya ya gwada shi ya ce "Ƙasa?" sai ya ce, "Na'am?"

Da yamma Yaya ya yi wanka ya fita. An sallami Gajere daga asibiti, gidansa ya tafi. Kullum can yake tafiya.

Talata, da yamma

Hoton Yaya yana bango kusa da na Dogo. Idonsa a hoton kamar na wanda ya haɗiyi ƙuda. In zan wuce sai na kalli ƙasa.

Laraba, da safe

Dogo bai zo ba. Ya aiko da ɗamararsa a leda. An gan shi a bayan jar mota.

Baba ya ce, "Butulu. Wanda na fara ba hula."

Alhamis, bayan azahar

Mai Turare ya kawo riguna. Shuɗaye, an rubuta a baya da manyan baƙaƙe: MU DANGI ƊAYA NE. Ya ce ma'aikaci in ya ji shi ɗan gida ne ba ya tafiya. Baba ya raba wa kowa da kansa.

Tsoho ya juya tasa, ya karanta a hankali, ya ce, "Maigida, dangin nan har da masu hannu ɗaya da rabi, ko sai masu biyu?"

Baba ya yi kamar wayarsa ta yi ƙara.

Rigunan suna warin leda da wani abu kamar maganin sauro. Tsoho ya goge man inji da tasa kafin yamma. Ni za a kawo wa wanki.

Juma'a, bayan la'asar

Jar mota ta tsaya a bakin layinmu. Na fita zubar da shara na gan su, Yaya ya jingina da tagar motar suna magana da mai ita. Ba su daɗe ba.

In Yaya ya tafi can, ba zai zauna a gidan nan ba. Baba ba zai yarda ba, shi ma ba zai iya ba. To da wa zan yi magana?

Baba ma ya gani. Da Yaya ya shigo ya tare shi a tsakar gida. Ina kicin, ƙofar a buɗe.

"Me yake ba ka da ni ban ba ka ba? Faɗi. Sabon inji kake so? Na saya. Babur? In sa sunanka a jikin mota? Duk abin nan wa nake tara wa?"

Yaya ya ce, "Baba, ka je ka gan shi."

"Na yi abin da ya kamata a asibiti."

"Ba wannan nake nufi ba. Ka je da ƙafarka. Ni na je na faɗi nawa, na gaya masa ban kira ba. Kai ma ka je ka faɗi naka."

"Nawa? Ni na riƙe inji?"

"Wa ya tsaya a ƙasa yana buga hon yana cewa akwai wani gida yana jira? Wa ya ce Dogo ya wuce ni da ɗaya?"

Mama ta fito ta ce, "Kai, ubanka ne fa." Yaya ya ce, "Na sani, Mama, shi ya sa nake roƙonsa." Ya ce in Baba ya je, zai hau gobe-goben nan. In bai je ba, ranar Litinin zai fara da Mai Jar Mota.

Baba ya ce shi ba a gindaya masa sharaɗi a gidansa. Yana juyawa ya taka kashin kaza. Ba wanda ya yi dariya. Ni na wanke takalmin.

Asabar, da rana

Yau ba a ba kowa hula ba, don babu wanda ya hau komai. Amma Baba ya samo dabara, ko an samo masa. Ya kira ni ya ce, "Auta, kin san gidan Gajere ko?" Na gyaɗa kai. Mama ta taɓa aike ni lokacin da matarsa ta haihu. Ya ba ni leda: shuɗiyar riga, da wata takarda a cikin gilashi mai zanen ganye, an rubuta GWARZO NA MUSAMMAN, da hular. Ya ce, "Ki ce in ji ni, wannan makon tasa ce. Ki ce kamfani yana alfahari da shi."

Na so in ce a'a. Bakina bai buɗe ba. Kullum haka.

Na riƙe ledar nesa da jikina har can. Rana ta buga ta, warin yana fitowa ta baki.

Ɗaki ɗaya ne da labule. Matar Gajere tana goye da jariri tana ba shi abinci a baki, shi Gajeren, da cokali. Hannunsa na dama yana kan matashi a naɗe da farin ƙyalle. Na kalla sau ɗaya. Naɗin bai kai tsawon da ya kamata ba. Ban sake kallo ba.

Ya ce, "A'a, Malama Shiru da kanta! Yau gidanmu ya yi albarka. Zauna mana."

Na tsuguna na gaishe su. Na tura ledar. Na ce, "In ji Baba." Sauran saƙon ban faɗa ba.

Matar ta zaro rigar ta karanta bayanta. Ta zaro gilashin. Ta zaro hular, ta kawar da kai ta ce, "Wannan kuma mushen me aka sa a ciki?"

Gajere ya yi dariya har sai da hannun ya motsa ya daina. Ya ce, "Ashe dai na ƙasa ma suna samu. Sai an biya da yatsa."

Matar ta ce, "Ƙanwata, ba da ke nake ba, ke aiko ki aka yi. Amma ki tambayar mini babanki: a bango zan rataye wannan ya riƙa ba shi abinci? Shekara nawa mutumin nan yana riƙe masa ɗa a sama? Ko ƙofar nan bai sani ba."

Gajere ya ce, "Bar yarinya." Sannan ya ce da ni, "Rigar zan riƙe, jariri yana bukatar tsumma. Hular ki mayar, kaina bai kai ba." Sai ya ƙara da cewa, "Ki gaya wa yayanki ya daina zuwa yana zama yana kallona kamar gawa. Ya hau. Mai hawa in ya daɗe a ƙasa tsoro ke kama shi. Ni na yafe masa tun a mota."

Bai ce ya yafe wa kowa ban da shi ba.

Da zan fito ya laluba aljihu da hagu, bai sami alewa ba, ya ce ina bin sa bashi.

A hanya na yi kuka, ga hula a hannu, mutane suna kallona.

Lahadi, da safe

Baba yana shan shayi ya ce, "To? Ya ji daɗi?"

Na ajiye hular da gilashin a gabansa. Na shirya maganar tun jiya, duk abin da matar ta ce, na yi ta maimaitawa a raina. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Baba, hular nan wari take."

Ya ce, "Me?"

Na ce, "Wari take. Ka sansana."

Ban taɓa ce wa Baba ya yi wani abu ba tunda aka haife ni. Mama ta tsaya da ludayi a hannu. Baba ya dube ni, ya ɗauki hular, ya juya cikinta, ya kai hanci. Ya ajiye da sauri. Ya ture kofin shayin.

Bai fita ba duk yinin. Yaya ya zauna a tsakar gida tun safe da takalmi a ƙafa, ko Baba zai ce su tafi. Har rana ta faɗi.

Na gaya wa Yaya saƙon Gajere. Ya rufe fuska da hannu.

Litinin, da sassafe

Jaka ɗaya Yaya ya ɗauka da igiyarsa, mai tabon. Ya durƙusa ya gaishe da Mama. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba ya yi sallama, ba a amsa ba, ko da yake na ji tari a ciki.

Ina bakin famfo na juya baya. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce a hankali, "Ƙasa?"

Na ƙi. Na ci gaba da cuɗa safar hannun da ba ta da datti. Ya tsaya. Ruwa ya cika baho yana zuba, yana nan tsaye. Jar mota ta yi hon a bakin layi, bai motsa ba. Na gane in ban amsa ba haka zai yi ta tsayuwa.

Na amsa. Ban so ba.

Talata, da rana

Babu kayan wanki daga bene.

Laraba, da yamma

Direba ma ya tafi. Saura Tsoho, shi kuma ya ce ba don Baba ya zauna ba, gwiwarsa ce ba ta son sabuwar hanya.

Mai Turare ya zo da sabuwar shawara, wai a yi taron cin abinci a kira waɗanda suka tafi. Mama ta ce da ni kar in dafa shayi. Baba ya saurare shi a tsaye a bakin ƙofa, bai ce ya shigo ba. Da ya tafi Baba da kansa ya buɗe taga.

Alhamis, da hantsi

Hular tana bayan sito inda Baba ya wurgar da ita. Kazar ta shiga ciki ta yi ƙwai. Ita warin bai dame ta ba.

Juma'a, da yamma

An cire hotunan daga bango. Ban ga lokacin ba. Saura tabon gam guda biyu.

Asabar, bayan la'asar

Da safe Baba ya fito sanye da wankakkun kaya ya tsaya a kaina. Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya ce, "Auta. Gidan nan. Ta ina ake bi?"

Na ce zan raka shi.

Ya zagaya bayan sito ya kamo kazar, tana ta ihu. Mama ta ce, "Malam, ajiye ta." Ya ce ai ba a zuwa dubiya hannu sake. Ta ce, "Ka aika riga, ka aika gilashi, ka aika hula. Yau ka kai fuskarka kawai." Ya sake ta. Ta koma kan ƙwanta.

Babu direba, a ƙafa muka tafi, ina gaba yana baya. Hanyar ta bi ta babban titi, inda ake rage rassan bishiyoyin maɗaci da suka shiga wayar wuta. A da aikinmu ne. Yanzu jar mota ce a wajen.

Tun daga nesa na gane shi. Ba mai zama a cikin ɗamara kamar Yaya, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe. Yana can sama sosai. Ya ɗaure reshe, ya riƙe inji, ya yi kira, "Ƙasa?"

Mai igiyarsa wani ne da ban sani ba, yana ta fama da wata mata mai tura baro da ta ƙi matsawa. Ya daɗe. Motoci suna hon. Yaya yana rataye bai taɓa komai ba.

Na ɗauka Baba zai wuce. Ya tsaya a gefen titi, hannu a baya, ya ɗaga kai. Mun tsaya har matar ta matsa, har mutumin ya naɗa igiya a kututture, har ya gyara ƙafa ya amsa. Reshen ya sauko a hankali kamar ana ajiye jariri.

Ban san ko Yaya ya gan mu ba. Baba bai kira shi ba. Ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Mu je."

A ƙofar Gajere ya tsaya yana kallon labulen. Ya ce, "Nan ne?" Na ce nan ne. Ya cire takalmi tun daga waje, ya yi sallama, muryarsa ƙarama. Matar ce ta amsa, ba da sauri ba. Ya jira har ta ce ya shigo.

Ni ban shiga ba. Na zauna a kan dutse kusa da takalminsa. Sun daɗe. Ban ji abin da aka ce ba, sau ɗaya dai na ji muryar Gajere yana cewa, "Zauna mana, Maigida, ai kujerar ba ta cizo."

Ɗakin Yaya yana nan a rufe. Mama ta ce in share shi gobe, ko ba mai kwana.

Akwai sauran kashin kaza a gefen takalmin Baba, wanda ban fitar ba ran nan. Na tsinci ɗan itace na zauna ina kankarewa.